Tarin Dare Da Ciwon Asma: Ina Iyakar Maganin Gida?



Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a wannan wata, wata ɗaliba ce a ajina na Islamiyya, 'yar shekara 9. Yarinya ce mai ƙwazo, amma tun da hunturu ya kama, da mun fara karatu sai ta hau gyangyaɗi. Sau biyu ina yi mata faɗa, a na uku sai na aika a kira mahaifiyarta. Da ta zo sai ta ce da ni: "Wallahi Malama, ba ta samun barci ne. Da rana garau take, amma da dare ya raba sai tari, ƙirjinta yana kuka kamar na 'yar kyanwa, haka za mu zauna har kiran assalatu." Na tambaye ta me suke ba ta, ta lissafa mini zuma da citta, man habbatus sauda, manja, surace, da wani garin magani na Indiya da aka sayo musu a kasuwa. Ta ce an taɓa rubuta mata inhela, wato maganin nan da ake fesawa a baki a shaƙa, amma kakarta ta hana, wai wanda ya fara ba ya dainawa, kuma 'ya mace ce, kada maganar ta fita.

Kunya ta kama ni saboda faɗan da na yi mata. Ba a yi mako biyu ba kuwa, cikin wani dare numfashinta ya sarƙe, mahaifinta ya ɗauke ta a babur cikin sanyin nan zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran kwananta. To, uwargida, ba na so sai irin wannan dare ya same ki sannan ki san abin yi.

Me ya sa sai da dare?

Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce, amma ga abin da masana lafiya suka yi bayani. Cikin huhu akwai ƙananan hanyoyi da iska ke bi. Na mai asma kullum a ɗan kumbure suke, ko da yana jin garau. Idan ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, sai hanyoyin su ƙara kumbura, su tsuke, majina ta taru, iska ta rasa wurin wucewa. Wannan ne ke kawo tarin da kukan ƙirjin. Da dare kuma sinadaran jiki da ke taimakawa wajen buɗe hanyoyin suna raguwa, shi ya sa abin ya fi tsanani wajen ƙarfe 4 na asuba. Ga sanyin iska, ga kwanciya da ke sa majinar hanci ta gangara maƙogwaro, ga ƙwannafi ga wanda ya ci ya kwanta nan take.

Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da asma, kuma ta yi sanadin rasuwar mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, inda ba a gano ciwon da wuri, ko ba a samun maganin da ya dace. Ba a ɗaukarsa a jikin wani, kuma ba abin kunya ba ne.

Mu fara duba ɗakinmu

Mu nan ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, lokacin da abin ya fi tashi shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Ga ƙurar hazo, ga ƙaiƙayin masara da dawa wajen casa da shiƙa, ga barkono da ake shanyawa ana dakawa, ga hayaƙin wuraren dafa mazarƙwaila a yankunan da ake noman rake. Waɗannan sana'o'inmu ne, ba za mu daina ba, sai dai mu nisanta mai ciwon daga gare su, mu rufe masa hanci da baki da takunkumi ko mayafi idan fita ta zama dole.

Amma gaskiyar da ba mu son ji ita ce, mafi yawan abin da ke tayar da tarin dare mu muke kunna shi da hannunmu. Na farko turaren wuta. Na san matsayinsa a wurin matar aure, ni ma ina yi, amma hayaƙi hayaƙi ne ko da mai ƙamshi ne. Idan akwai mai asma a gida, a turara ɗaki da rana ba ya nan, a buɗe taga hayaƙin ya fita, ɗakin da yake kwana kuwa a haƙura. Na biyu maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya. Gidan sauro ya fi su. Na uku kaskon garwashi da ake shigowa da shi don ɗumama ɗaki a rufe ƙofa. Wannan ko ga mai lafiya haɗari ne, domin iskar da garwashi ke fitarwa tana kisa cikin barci. Sai hayaƙin murhu ga yaron da aka goya ana girki, da taba idan maigida yana sha.

Bayan hayaƙi sai ƙura. Cikin katifa, matashin kai da darduma akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, kashinsu yana tayar da asma, haka ma kyankyaso. Ki riƙa wanke zanen gado da ruwan zafi kowane mako, ki shanya katifa da bargo a rana, musamman bargon da ya shekara a akwati aka fito da shi don sanyi. Ki yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma ki sa mai ciwon sharar. Kyanwa, kaji da tantabaru su tsaya a waje.

Maganin gida da ke da amfani

Ba na raina abin da muka gada. Ruwan ɗumi da zuma da 'yar citta ko lemon tsami kafin kwanciya yana laushin maƙogwaro, yana rage ƙaiƙayin da ke jawo tari, musamman idan akwai mura. Sai dai kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, domin tana iya jawo masa wata cuta mai shanye jiki. Habbatus sauda kaɗan a abinci ba laifi. A ɗaga masa kai da ƙirji da matashi, a ci abincin dare awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, a sa masa rigar sanyi.

To amma ki riƙe wannan da kyau: zuma tana bin hanyar abinci ne, ciwon kuwa yana hanyar iska. Babu zuma, citta ko tafarnuwar da za ta buɗe huhun da ya tsuke a tsakar dare. Taimako ne, ba madadin magani ba. Darajar da zuma da habbatus sauda suke da ita a addininmu ba ta hana mu zuwa asibiti, domin addinin ne ya umarce mu da neman magani wurin waɗanda suka san shi.

Akwai kuma abin da yake cutarwa. Kada a yi wa yaron da ke haki ɗuren manja ko wani jiƙo, zai iya wucewa huhu. Surace da tafasasshen ruwa ya ƙona yara da yawa, kuma ba ya warkar da asma. Kada a cusa man zafi a hancin ƙaramin yaro. Cire beli wurin wanzami ba ya raba yaro da wannan tari. Maganin tari na kwalba ma ba na asma ba ne, balle mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi tun 2018.

Maganin Indiya fa?

Yanzu kasuwanninmu cike suke da garuka da ƙwayoyi da ake cewa na gargajiyar Indiya ne, wanda suke kira Ayurbeda. Tsohon ilimi ne a can, kuma da yawa daga kayan haɗinsu irin namu ne: citta, gangamau, masoro da zuma. Matsalar ita ce abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. A 2004 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gwada irin waɗannan magunguna guda 70 da ake sayarwa a kantuna, suka tarar 14 daga ciki suna ɗauke da dalma, ko zaiba, ko guba mai suna arsenik. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Wasu haɗe-haɗen kuma a ɓoye ake zuba musu ƙwayar nan da ke sa ƙiba, mai ciwo ya ji sauƙi na ɗan lokaci, daga baya fuska ta kumbura, suga da hawan jini su biyo baya. Akwai ma masu cewa a busa hayaƙin ganyen zaƙami, dabarar da aka daɗe ana yi a Indiya. Kowa a ƙasar Hausa ya san abin da zaƙami ke yi wa hankali, kada ki kusance shi. Duk abin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC ki bar shi, mai lambar ma ki nuna wa likita kafin ki ba yaro.

Gaskiyar magana game da inhela

Inhela ba ta kama mutum kamar ƙwaya, kuma ba alamar ciwo ya kai ƙarshe ba ce. Maganin yana tafiya kai tsaye inda ciwon yake, shi ya sa kaɗan yake isa. Iri biyu ne. Akwai na gaggawa, galibi mai launin shuɗi, irin su Ventolin, wanda ke buɗe hanyar iska cikin mintuna. Akwai kuma na rigakafi, sau da yawa mai launin ƙasa-ƙasa ko ja, wanda ke kwantar da kumburin. Shi ne ainihin maganin tarin dare, ana shaƙarsa yadda likita ya tsara ko da an ji sauƙi, a kurkure baki bayan an gama. Tun 2019 masana asma na duniya suka daina ba manya da matasa shawarar dogaro da shuɗin shi kaɗai. Idan tari yana tashin ɗanki daga barci, ko yana neman shuɗin fiye da sau 2 a mako, ko ana shanye gwangwani 3 a shekara, to ciwon bai kwanta ba, a koma asibiti. Mai juna biyu ma kada ta ajiye nata ba da sanin likita ba.

Yara ba su iya haɗa fesawa da shaƙa a lokaci guda, don haka ana haɗa inhela da wani mazubi. Idan babu na saye, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhela, a toshe gefen, yaro ya kama bakin gorar. Likitoci a wani asibitin yara na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara, suka bayyana a 1999 cewa tana aiki kamar na saye. Ki roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna miki, ki haɗa ki ajiye tun da rana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan abin ya tashi cikin dare

Ki zaunar da shi, kada ki kwantar. Ki fitar da duk abin hayaƙi, ki kwantar da hankalinki domin tsoronki yana ƙara masa. Ki girgiza shuɗin, ki fesa sau ɗaya a cikin gora, ya ja numfashi sau 5, sannan ki sake. Ɗan ƙasa da shekara 6 ana iya kai masa fesa 6, babba kuwa har 10. Amma idan kika ga ba ya iya ƙarasa magana, ko fatar wuya da tsakanin haƙarƙari tana lotsawa, ko leɓe ya canza launi, ko ya galabaita yana lumshe ido, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana ta haki, to kada a jira gari ya waye. A nufi asibiti mafi kusa, na Ikara, Makarfi ko Hunkuyi, ana ci gaba da fesa masa a hanya. Idan ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin koyarwa na Shika. Tun yau ku yi magana da maigida: wane mai babur ko mota za a tasa, kuma ya ba ki izinin fita ko ba ya gari.

Ba kowane tarin dare ne asma ba

Tarin da ya wuce mako 2, tare da rama, zufar dare ko jini a kaki, a je a yi gwajin tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ga kuma babbar cibiyarsa a Saye kusa da Zariya. Mai jego ko tsohuwa da ke tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ƙafafu sun kumbura, wannan yana iya zama ciwon zuciya, wanda likitocin Zariya suka daɗe da sanin yawansa a tsakanin masu jego a yankinmu. A gaggauta kai ta.

Ɗalibata yanzu inhelarta tana cikin jakarta tare da littattafanta, kuma kakar da ta hana ita ce ke tuna mata na rigakafin kowane dare. Gyangyaɗi ya wuce, ta koma sahun gaba. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, kafin mu ɗaga bulala a kan yaro mai barci a aji, mu tambayi yadda ya kwana. Ke kuma uwa, kada tsoron bakin mutane ya sa ki ɓoye ciwon 'yarki. Mijin da zai guje ta saboda inhela, dama ba nata ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a bisa tafarki nagari. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.