NEMAN RAGIN KUƊIN HAYA BA MAULA BA NE

Wai shin me ya sa Bahaushe zai shafe rabin sa'a a Kantin Kwari yana taya turmin atamfa, a ce albarka ya ƙara, ya juya zai tafi a kirawo shi, amma idan mai gidan haya ya aiko da ƙari sai bakinsa ya mutu? Mu 'yan haya, musamman malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, mun ɗora wa kanmu wata kunya marar tushe. Gara mu sayar da akuyar uwargida ko mu ci bashin adashi da mu buɗe baki mu ce, "Alhaji, a duba mana." Alhali kuwa haya ciniki ce, kuma rashin tayi akan bar arha.

Kullum hujjar masu gidaje ɗaya ce: komai ya tashi. Ba mu musa ba. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. To amma wannan tsadar ta tsallake ɗan haya ne? Shi ma yana hawa mota, yana auna masara, yana biyan kuɗin makaranta. Mafi ƙarancin albashin da aka mayar naira 70,000 a 2024, tsada ta cinye shi tun kafin ya shigo hannu. Sannan gidan da aka gina shekara ashirin da suka wuce, ba a taɓa sake masa ko fallen kwano ba, ina ruwansa da farashin simintin bana? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ke sa roba ya tare duk damina.

Ko ta fuskar riba, ragi ba asara ba ne. A ɗauka hayar gida naira 360,000 ce a shekara. Aka kori mai biya a kan kari saboda ya nemi ragin 40,000, gida ya zauna wata uku ba kowa. An yi asarar 90,000 ke nan, ban da fenti da gyaran ƙofofi. Wa ya ci riba? Dillali, wanda ke samun sabuwar la'ada duk lokacin da aka sauya ɗan haya. Shi ya sa sau da yawa shi ke zuga mai gida cewa ga wani can zai biya ninki.

Saboda haka mu daina aika sako ta bakin dillali. Mu je wurin mai gidan da kanmu, wata biyu ko uku kafin haya ta ƙare, ba ranar da notis ya iso ba. Mu riƙe rasit ɗin shekarun da muka biya, da lissafin gyaran da muka yi da aljihunmu, da kuɗin hayar gidajen maƙwabta. Mu faɗi adadin da za mu iya, kai tsaye. In ragi ya gagara, a nemi biya kashi biyu, ko a cire kuɗin gyara. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi gaban shaidu, don baki yakan manta.

Hukuma ma da nata laifin. Tun 2011 Jihar Legas ta yi dokar da ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Me zai hana majalisun jihohinmu su ɗora a kan wannan, su kuma sa ido a kan ƙarin da ba shi da dalili?

Kafin su farka dai, maganar tana hannunmu. Mai gida yana da ikon cewa albarka, amma sai mun taya tukuna.