A Daina Raina Masu Shan Bugu a Wasan Pokémon

Matashin Kafanchan da ke son gwada ƙwanjinsa a Pokémon ba sai ya mallaki Nintendo Switch ba, domin Pokémon Showdown kyauta ne a waya, in dai akwai data da caji. Abin da ke damuna shi ne yadda sababbin shiga ke cika gurabe shida na tawagarsu da masu kai farmaki zalla, suna ganin tsaro aikin matsorata ne. Wa zai fita fili ba mai tsaron raga? A duba Blissey: tana shanye hare-haren wuta da ruwa da lantarki, sannan ta maido da rabin lafiyarta da Soft-Boiled. Toxapex kuwa yakan sa wa abokin gaba guba, ya janye, kuma janyewar kanta tana maido masa da kashi ɗaya cikin uku na lafiyarsa. Mai wannan salo dole ya karanci zuciyar abokin karawarsa, ya san lokacin musanya, don bugun jiki ɗaya mai nauyi na iya kayar da Blissey, dabarar Taunt kuma ta hana ta jinyar kanta. Haƙuri ake buƙata, da lissafi. A shekarar 2014 a Washington, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofin duniya da Pachirisu, ɗan kuregen da ba a ɗauka da daraja ba. Da dabarar Follow Me Pachirisu yake jawo hari kansa, abokan tawagarsa Garchomp da Gyarados su samu sararin gama aiki.