Zanzibar da baƙin da ba sa kwana

Tsohon birnin Zanzibar, wanda mutanensa ke kira Mji Mkongwe, gari ne na Musulmi a gaɓar tekun Indiya, mai lunguna ƙuntatattu da ƙofofin katako masu sassaƙa. A 2000 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya. Cikin masu ziyartarsa akwai fasinjojin manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, waɗanda kan sauka da hantsi su koma jirgi kafin dare.

Idan aka tayar da zancen, mu masu wa'azi mukan tsaya kan tufafi. Ba na raina wannan. Wucewa ta ƙofar masallaci da shigar bakin ruwa cin fuska ne, kuma a 2021 hukumomin tsibirin sun sanar da tara a kan haka. Amma a ganina akwai zaluncin da ya fi wannan ɓoyuwa.

Baƙon jirgi ya riga ya biya kuɗin abincinsa da makwancinsa ga kamfanin da ke wata ƙasa. Sau da yawa ma a cikin jirgin yake sayen tikitin zagayen gari. Mai masauki bai gan shi ba, mai dafa abinci bai gan shi ba. Ɗan abin da ya faɗo hannun mai tsaraba da ɗan rakiya shi ne rabon gari. Cunkoson lungu kuwa, da shara, da ɗaukar hoton mata a ƙofar gidajensu ba tare da izini ba, duk na mazauna ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa wanda ya ci riba shi ke ɗaukar asara. A nan an raba su biyu.

Ga gine-ginen suna tsufa. Beit al-Ajaib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020.

Karrama baƙo wajibi ne, ba kuwa cewa nake a rufe tashar ba. Sai dai mai gida ke gindaya sharaɗi. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis a 2021, Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya kuma ta taƙaita su zuwa biyu a rana. Zanzibar na da ikon ƙayyade yawan masu sauka, ta keɓe lokacin sallar Juma'a, ta kuma ware wani kaso na kuɗin tasha domin gyaran gidajen da har yanzu mutane ke kwana cikinsu.