Tausa na rage ciwon diddige, amma ita kaɗai ba ta isa ba

Duk wanda ya taɓa saukowa daga gado da asuba ya ji kamar an soka masa ƙusa a diddige, ya san wannan ciwo. Yana tasowa ne idan jijiyar da ta miƙe a tafin ƙafa, daga diddige zuwa yatsu, ta gaji da ɗaukar nauyi. Masu wuni a tsaye, kamar malaman makaranta da 'yan kasuwa, suna yawan fama da shi.

Tausa na taimakawa, kuma ba sai an kashe kuɗi ba. Mutum zai iya zama ya murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafarsa na minti 10, ko ya danna tafin a hankali da babban yatsa.

Kuskuren shi ne tsayawa a nan. Sauƙin tausa na ɗan lokaci ne. Muddin ana wuni a kan siminti da silifas ɗin da ya cinye, ciwon zai dawo. Dole a sauya takalmi, a riƙa miƙa sharaɓa kullum, a kuma yi haƙuri, domin warkewa kan ɗauki watanni.

Mai ciwon suga kuwa, ya fara ganin likita kafin ya ɗora ƙanƙara a ƙafarsa.