Waiwaye: Abin da malejin mota ba ya faɗa

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma ba a jima ba 504 ta cika hanyoyin ƙasar Daura. Ita ma'aikaci ke saya in ya samu bashin mota, doguwarta ke lodin fasinja a tasha, akori-kurarta kuma ke kwasar gero da wake daga ƙauyukan Zango zuwa kasuwa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna cewa da wuya ka shiga motar haya ka tarar malejinta yana aiki. Wayar da ke juya shi ta tsinke tun tuni, ba kuma wanda ya damu ya gyara. Duk da haka ana cinikin mota, tana fita daga wannan hannu zuwa wancan, kuma ba kasafai mai saye ke cizon yatsa ba.

Dalilin shi ne tambayoyin da ake yi a wancan zamani. Ta wane ce? Wa ke jan ta? Wane bakanike ke taɓa ta? An taɓa sauke injin? Ta taɓa faɗuwa? A gari irin Zango ba a iya ɓoye amsar ko ɗaya daga ciki. Direban da ke wasa da baƙin mai an san shi, wanda ke labta wa mota kayan da ya fi ƙarfinta ranar kasuwa an san shi, haka ma malamin makarantar da ke wanke tasa da kansa kowace safiya. Tarihin mota yana bakin mutane.

Abin ya sauya bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai motoci 'yan Beljiyam suka shigo. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Gaya da Maraɗi, su iso kan iyakarmu. Golf da Sharan suka karɓe tasha, daga baya Honda da Camry da Corolla na Amurka suka biyo. Waɗannan motoci ba wanda ya san mai su na farko, ba bakaniken da zai ba da shaida a kansu. Da shaidar mutane ta ɓace, sai muka rungumi lambar da ke gaban sitiyari. Yau abu na farko da matashi ke yi in an buɗe masa mota shi ne ya leƙa maleji, in ya ga 80,000 ya ce ai sabuwa ce.

Wannan ne ke damuna, domin a duk jikin mota babu abin da ya fi wannan lamba sauƙin sauyawa. A da sai an kwance agogon an juya lambobin da hannu. Yanzu da kwamfuta ake yi cikin 'yan mintoci, ko a cire agogon gaba ɗaya a sa na wata mota. Lissafi kaɗan ya isa ya tayar da mutum daga barci. A Amurka mota kan yi kamar mil 12,000 a shekara. Wadda ta shekara 15 ke nan ya kamata ta kusa mil 180,000, wato kimanin kilomita 290,000, tunda mil ɗaya kilomita 1.6 ne, abin da masu saye da yawa ba sa lura da shi. In ka ga mai wannan shekaru tana nuna 70,000, alhali robar burki ta suɗe, fatar sitiyari ta koɗe, kujerar direba ta lotsa, to jikin motar ya riga ya ƙaryata agogon.

Ko da lambar gaskiya ce, nisan tafiya kawai ta faɗa maka, ba ta faɗi irin tafiyar ba. Motar haya da ke zuwa Kano daga Zango ta Daura da Kazaure da Dambatta ta dawo, kusan kilomita 300 take ci a yini. In tana haka kwana 6 a mako, a shekara ta haura 90,000. Amma tafiya ce a kan kwalta, inji ya ɗau zafinsa daidai, giya ba ta yawan sauyawa. Ɗauki wata kuma da ba ta wuce cikin gari da hanyoyin ƙauye, kullum cikin rairayi da gargada, ana tayar da ita a kashe kafin inji ya yi ɗumi, ƙurar hunturu ta toshe matatar iska ba a sauya ba, ana zuba mata man jarka mai datti daga 'yan bumburutu, an cika lagireto da ruwan rijiya har tsatsa ta ci shi. Wannan ko 40,000 ta yi, ta fi waccan tsufa nesa ba kusa ba. Haka ma mai sayen sa a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ba ya tsayawa kan shekarun da dillali ya faɗa. Buɗe baki yake ya ga haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan muni. Motocin Amurka da yawa masu ƙaramin maleji na gaskiya, dalilin da ya sa suka iso nan da araha shi ne sun yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu. Bayan guguwar Harvey ta 2017 a Texas, dubban motoci sun bi wannan hanya. A buga jiki, a shafe, a yi fenti, maleji yana nuna 45,000, amma shasi ya karkace, wayoyin wuta suna ruɓewa a hankali. Kowace irin wannan mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma da ita ana iya binciko tarihinta ta intanet a wurare irin Carfax, a ga haɗarin da ta yi da malejin da aka rubuta mata kafin ta bar can.

Ba ina cewa maleji ba shi da amfani ba ne. Ƙarfe yana cinyewa, kuma akwai kayan da ajalinsu da kilomita ake ƙirga shi. Belin taimin na motoci irin 406 da Golf ana son a sauya shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon abin da kamfanin ya ce, domin in ya tsinke ana cikin tafiya yana iya lanƙwasa bawul ya kai ka ga sauke inji. Kuloci da famfon ruwa da kayan ƙafa duk haka suke. Don haka motar da ta yi 250,000 dole kuɗinta ya sauka, mai saye kuma ya ware na gyara tun kafin ya biya la'ada. Amma yawan lamba shi kaɗai ba ya kashe mota. Wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, ya sayi Volvo a 1966, ya yi fiye da mil miliyan 3 da ita kafin rasuwarsa a 2018, kuma abin da aka san shi da shi shi ne juye baƙin mai a kan lokaci.

Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, sannan naira ta sake faɗuwa a 2023, yawancinmu 'yar gida muke iya saya, wadda ta bi hannu uku ko huɗu a Kano ko Katsina ko Kaduna. Wannan ya dawo da mu inda iyayenmu suke: ana iya neman wanda ya riƙe ta a tambaye shi. Je da bakanikenka, ba na dillali ba. A tayar da ita da sassafe inji yana sanyi, a ga ko salansa na fitar da shuɗin hayaki, alamar tana shan baƙin mai. A buɗe murfin mai a duba ko ya yi kauri ya daskare. A hau da ita rami a ga ƙasanta, a fita da ita hanyar Baure a saurari giya da ƙafafu.

Ga masu sayarwa kuwa, mayar da maleji baya algus ne, kuma a fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Kai kuma mai mota, in malejinka ya mutu ka gyara shi, ka ajiye ɗan littafi a cikin mota, duk ranar da aka juye mai ko aka sauya beli ka rubuta kwanan wata da kilomita, ka miƙa wa wanda zai saye ta bayanka.