Dogo mai rusunawa

Ɗan uwa mai karatu, ko ka tuna da watan Agusta na shekara ta 2016? A lokacin nan ne sunan wani saurayi ɗan Yamai ya cika gari. Ana faɗinsa a radiyo, ana faɗinsa a kasuwa, ana faɗinsa a fada wurin shan shayi. Sunansa Abdul Razak Isufu Alfaga. Ya tafi birnin Riyo na ƙasar Birazil, wurin wasannin Olimpik, ya komo ma Nijar da lambar azurfa.

Wasan da yake yi sunansa tekwando. Daga ƙasar Koriya ya fito. Mutum biyu ne ke karawa, akasari da ƙafa ake dukan, kuma alƙalai na ƙidaya maki. Alfaga dogo ne ƙwarai, tsawonsa ya zarce mita 2. A Riyo ya kada ɗan Faransa, ya kada ɗan Birazil a gaban jama'arsa, ya kai har karon ƙarshe. Can ne wani ɗan ƙasar Azarbaijan, Radik Isayeb, ya fi shi maki. A shekara ta 2017 kuma, a garin Muju na Koriya ta Kudu, Alfaga ya zama zakaran duniya na masu nauyi. Kafin shi, babu ɗan Nijar da ya taɓa kai nan.

To, akwai wani abu da nake so ka lura da shi. A tekwando, kafin a fara wasa sai kowa ya rusuna ma abokin karawarsa. In an gama, a sake rusunawa. Wanda ya ci ya rusuna, wanda aka kada shi ma ya rusuna. Ka dubi mutum mai tsawon mita 2, zakaran duniya, ya sunkuyar da kai gaban wanda bai kai kafaɗarsa ba! Hausawa sun ce durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.

Wani zai ce: «Ai wannan doka ce ta wasa, dole ce ta sa shi.» Gaskiya ne, doka ce. Amma fa ladabin da yaro ke yi ma kakansa shi ma da doka ya faro. Uwa ce ta ce mishi ya durƙusa, ya yi ta yi har ya zama halinsa. Abin da mutum ya yi shekara da shekaru yana yi kullum, safe da marece, ba ya tsayawa a jiki kaɗai, sai ya shiga zuciya. Kuma mun ga alama. Bayan ya yi suna, Alfaga ya karɓi aikin jakadan hukumar UNICEF a Nijar, wato ya ba da sunansa da lokacinsa don yara ƙanana, don lafiyarsu da karatunsu.

Sai dai duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Alfaga ya je Olimpik na Tokiyo a shekara ta 2021, ya komo ba lamba. Ya je na Paris a 2024, nan ma bai samu ba. Ka san halinmu. Bakin da ya yi guɗa jiya, shi ne yau zai ce: «Wane ai ya ƙare.» Wanga magana ba ta dace ba. Mutumen da ya taɓa hawa ƙololuwa, aka kada shi, ya sake ɗaura ɗamara ya riƙa tutar ƙasarsa ya koma fili, ya yi abin da masu girman kai ba su iyawa. Mai girman kai in ya faɗi sau ɗaya, ɓoyewa yake yi.

Amma mu faɗi gaskiya, shekarun ɗan wasa ƙidayayyu ne. An haifi Alfaga a watan Disamba na 1994. Olimpik mai zuwa za a yi shi a 2028, a birnin Los Anjalas na Amurka. Lokacin yana da shekara 33. Ga mai wasan ƙafa, wannan ba ƙuruciya ba ce. Gwiwa na gajiya, rauni na daɗewa bai warke ba, ga samari na tasowa da ƙarfinsu. Kowane ɗan wasa yana da ranar da zai tuɓe rigar ƙungiyar ƙasa. Wannan shawara tasa ce, shi da masu horar da shi. Tambayar da ta shafe mu, ni da kai, ita ce: in ya tuɓe rigar, wa zai sa ta?

Bari in ba ka labari. A shekara ta 1972, a birnin Munik na Jamus, wani ɗan damben zamani mai suna Isaka Dabore ya samo ma Nijar lambar tagulla. Ita ce lambar Olimpik ta farko a tarihin ƙasarmu. An yi murna, an yi kiɗa. Daga nan fa? Ɗauki alli ka yi lissafi a allonka: 2016 a ɗebe 1972, saura 44. Shekara 44 cur muka yi ba mu sake ganin wata lamba ba! Yaron da aka haifa ran da Dabore ya ci, sai da ya yi furfura kafin ya ga ta biyu. Isaka Dabore ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Allah ya sa dai ya ga magajinsa kafin ya bar duniya.

Yanzu dubi kokowa. Tun da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko a Tawa a 1975, ba a taɓa rasa gwani ba. Salma Ɗan Rani ya yi zamaninsa, Balla Haruna ya yi nasa, Isaka Isaka ya zo ya yi nasa. Mi ya sa kokowa ba ta yankewa? Don kowane ƙauye yana da filin rairayi. Bayan girbi yara na kamawa da farin wata, tsofaffin ƴan kokowa na zaune gefe suna gyara musu kamu. Wanda ƙarfinsa ya ƙare ba ya tafiya da saninsa, yana zuba shi ga na baya. Shi ke nan asirin.

Tekwando ba ta samu wannan gata ba tukuna. Alfaga da kansa sai da ya sha wuya. Yana yaro mahaifinsa ya hana shi wasan, don wani ɗan uwansu ya rasu sanadin rauni da ya ji a ciki. Sai da ya je Togo ya samu ya ci gaba. Daga baya kuma a Jamus ya yi horon da ya kai shi ga zama zakara. Ke nan saninsa daga nesa ya ɗebo shi, da gumi da kewar gida. In muka bari sanin nan ya tsaya gare shi shi kaɗai, to, mu shirya jiran wata shekara 44.

Ga abin da nake gani. Hukumomin wasanni su riƙa tunanin gobe ta ɗan wasa tun yana kan ganiyarsa, su ba shi wuri da kayan aiki ya koyar. Kyautar rana ɗaya tana ƙarewa, makaranta ba ta ƙarewa. Magadan gari su bar ma yara fili a kowace unguwa, a Bukoki, a Yantala, a Talaje, a Gamkale, kar a yanka ko'ina a saida.

Kai ma mai karatu kana da naka. In ɗanka ko ɗiyarka na son wasa, kar ka yi saurin ɗaukar bulala. Tsoron mahaifin Alfaga tsoro ne na gaskiya, kowane uba zai ji shi. Maganinsa shi ne ka je da ƙafarka ka ga wurin. Akwai malami na ƙwarai? Ana sa ma yara hular kare kai da rigar kare ƙirji? In ka gamsu, ka bar yaro ya yi, da sharaɗin ba zai bar lakkwal ba. Wasa na ƙarewa, karatu na raka mutum har tsufa. Kai da ka zo ajin yaƙi da jahilci da girmanka, ka fi kowa sanin haka.

Kuma in kana ba ɗanka labarin Alfaga, kar ka tsaya ga azurfa da zinariya. Ka gaya mishi dogon nan yana rusunawa ran da ya ci, yana rusunawa ran da aka kada shi. Ba kowane yaro ne zai je Olimpik ba, amma wannan kam kowane yaro na iya koyonsa yau, a tsakar gidanku.

Tambayoyi

1. Shekara nawa ke tsakanin lambar Isaka Dabore da ta Alfaga?
2. Mi ya sa ba a rasa gwanaye a kokowa?
3. A unguwarku ko ƙauyenku, akwai filin da yara ke wasa? In babu, wa ya kamata ku je ku gani?