RA'AYINMU: Bayan An Tashi Daga Intabiyu

Kowace shekara manyan makarantun jihar nan suna yaye dubban ɗalibai, da yawa daga cikinsu kuwa 'ya'yan manoma ne daga ƙasashen Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa. An sha tara mu ana yi mana lacca a kan yadda ake rubuta takardar neman aiki, da irin tufar da ta dace da ranar intabiyu, da yadda ake amsa tambaya ba tare da inda-inda ba. Amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya yi bayanin abin da mutum zai yi daga sa'ar da ya jawo ƙofar ɗakin intabiyu ya rufe har zuwa ranar da zai ji sakamako. Alhali kuwa a cikin wannan tsakani ne ake yin asarar da ta fi kowace ciwo: asarar kuɗin mota, da asarar damina, da zubar da mutunci, wani lokaci ma har da gonar gado.

Magabatanmu da suka yi karatu a shekarun 1970 ba su sha wannan wahala sosai ba. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, ma'aikatunta sababbi ne, suna neman 'yan ƙasa masu ilmi ruwa a jallo. Wanda ya gama bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973, sau da yawa yakan dawo ya tarar aiki na jiransa, har ya zauna yana zaɓe. Idan an ɗauke ka, wasiƙa ce za ta biyo ka ta gidan waya, ta hannun hedimastan firamaren garinku ko ofishin hakimi, ka sa babbar riga ka tafi. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sai kiɗa ya sake. Wanda yake son ya san inda aka kai, ya tuna da ranar 15 ga Maris, 2014, ranar da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, kowannensu ya biya Naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Mutum fiye da goma suka rasa rayukansu a turmutsitsin wannan rana. A kasuwa irin wannan, wanda aka kira intabiyu ya riga ya haye babban kogi, bai kamata a bar shi ya nutse a bakin gaɓa ba.

To, ɗan birni da ɗan karkara ba jira iri ɗaya suke yi ba. Wanda yake zaune a Fagge ko Gwammaja, in ya ga dama sai ya hau A Daidaita Sahu ya leƙa Sakatariyar Audu Bako ya dawo kafin azahar. Wanda gidansu yake wani ƙauye a bayan Kunchi kuwa, sai ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya shiga mota zuwa Kano, ya sake shiga wata a cikin gari, ya ci abinci, ya komo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan tafiya guda ɗaya takan cinye abin da gida zai yi cefanen kwanaki da shi. Kuma yawanci abin da zai samo bai wuce kalma huɗu daga bakin masinja ba: "Ba a fito ba." Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, gaskiya ne, amma ba su ce a yi ta zuwa kowace Litinin ba. Su ne dai suka tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe.

A ganinmu, bin sawu yana farawa ne tun mutum bai tashi daga kujerar intabiyu ba. Kusan kowane kwamiti yakan rufe da cewa, "Kana da wata tambaya?" Yawancinmu kunya takan sa mu sunkuyar da kai mu ce babu. Wannan ita ce damar da za ka ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, yaushe ake sa ran fitowar sakamako, kuma ta wace hanya za a sanar da mu?" Babu rashin kunya a cikin wannan. Amsar da aka ba ka ita ce ma'aunin duk abin da zai biyo baya. In an ce mako biyu, ka san ranar da jiranka zai ƙare. In an ce za a kafe sunaye a allo ko a shafin intanet, ka san ba kiran waya za ka jira ba. Kafin ka bar harabar, ka rubuta ranar intabiyun, da sunan muƙamin, da lambar da aka ba ka in akwai, da sunan ofishin da ke riƙe da fayil ɗin.

Akwai wata al'ada da ta zo mana daga Turai da Amurka, wato aika ɗan gajeren saƙon godiya ta imel kwana ɗaya ko biyu bayan intabiyu. A bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje abin karɓaɓɓe ne, kuma ba ya cin kuɗi. Layi uku ko huɗu sun isa: godiya, da tunatar da muƙamin, da tabbatar da cewa har yanzu kana so. A ma'aikatar gwamnati kuwa ba ya da wani tasiri, sau da yawa ma babu wanda zai buɗe shi. Abin da ba mu yarda da shi ba a ko'ina shi ne farautar lambar wayar ɗan kwamiti, a dinga aika masa gaisuwar Juma'a da hotunan furanni ta WhatsApp. Wannan roƙo ne aka sa masa rigar gaisuwa, kuma wanda aka aika wa ya fi kowa sanin haka.

Idan ranar da aka ɗiba ta wuce, a ƙara kwana uku ko mako guda, sa'an nan a tuntuɓa, sau ɗaya, ta hanyar da su da kansu suka bayar. In waya ce, a kira cikin lokacin aiki, a faɗi suna da muƙami da ranar intabiyu, a yi tambaya ɗaya, a yi godiya, a ajiye. In ma'aikatar gwamnati ce kuma har abin ya kai ga a taka, to, kada a je hannu rabbana. A rubuta wasiƙa kofi biyu, a miƙa ɗaya a rajista, a roƙi akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar, a dawo da ita gida a adana. Maganar baka a baranda iska ce, takarda mai hatimi kuwa tana shiga fayil. Kuma tun da abokan karatu daga yanki ɗaya kan halarci intabiyu ɗaya, me zai hana mutum biyar su haɗa kuɗin mota, ɗaya ya je ya dubo wa kowa?

Wani ɗan abu da ake rainawa, amma ya sha hana mutane aiki: waya. A ƙauyuka da yawa sai an hau tudu ko an fita bayan gari ake samun sabis, caji kuma sai an kai wa mai janareta ko mai sola a kasuwa. Jami'in da yake da sunaye ɗari a gabansa ba zai kira ka sau biyar ba. A ba da lamba biyu, ɗaya ta wani ɗan'uwa amintacce da ke zaune inda sabis yake da ƙarfi, a kuma riƙa duba imel ko da sau biyu ne a mako.

Ya kamata kuma mu fahimci dalilin da ya sa aikin gwamnati yake daɗewa, don kada shiru ya sa mutum ya yi abin da zai yi da-na-sani. Kwamitin da ya yi maka tambayoyi ba shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe ba. Yakan rubuta rahoto ya miƙa sama. A ma'aikatun tarayya, ƙa'ida ita ce sai Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai, wadda aka kafa a 1996, ta duba jerin sunayen ta tabbatar an raba tsakanin jihohi yadda ya dace, ta ba da takardar shaida, kafin a fitar da takardun kama aiki. Ban da wannan akwai batun ko an tanadi albashin a kasafin kuɗi. A jiha ma fayil yakan jira sa hannun manya. Saboda haka watanni uku ko shida na shiru ba lalle ne su zama alamar an ƙi ka ba, kuma akawun da kake damu da tambaya ba shi da ikon ƙara wa fayil sauri. Masana'antar Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ko makarantar kuɗi a cikin gari, dabam take. Mai ita yana bukatar ma'aikaci yanzu, in ya so ka ba zai yi wata guda bai neme ka ba.

Yanzu sai mu zo inda gizo yake saƙa. Da zarar an ji yaro ya yi intabiyu, sai gida ya ɗauka: a je wajen dagaci, a kai gaisuwa ga hakimi, a nemi kati daga ɗan majalisa. Ba mu zargin iyaye, sun ga jiya sun ga yau, sun ga wanda ya fi ɗansu rauni ya samu don yana da uwa a gindin murhu. Amma akwai bambanci tsakanin shaida da kamun ƙafa. Malamin da ya koyar da kai, ko shugaban wurin da ka yi bautar ƙasa, in ka sa sunansa a matsayin wanda zai shaide ka, daidai ne ka sanar da shi an yi intabiyu don ya zauna da shiri in an tuntuɓe shi. Shi yana faɗin abin da ya sani ne game da kai. Babban mutumin da bai san ko me ka karanta ba, amma ya ɗaga waya don a sa sunanka, sunan wani za a goge, kuma wanda ake gogewa kullum shi ne ɗan ƙauyen da ba shi da kowa. Wato mu ne. Mu da muke cika zauren taro da jawabai a kan cin hanci da son kai, bai kamata mu manta da su ba ranar da layi ya zo kanmu.

Mafi muni shi ne cinikin gurbi. A lokacin jira ne dillalai suke fitowa, wani ya kira ka ya ce sunanka yana cikin jeri amma sai an "taɓa" wani, ko ya nuna maka hoton takardar kama aiki a waya. Wannan ciniki ba jita-jita ba ne: a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, kuma mutane suka tsaya a gabansa suka ba da shaidar sun biya kuɗi. A yankinmu irin waɗannan kuɗi daga wuri ɗaya suke fitowa. Ƙasar da ke kewaye da Kano ta daɗe da cika, babu daji, babu saura, gona tana manne da gona, kowace an gina ƙarfinta ne da takin da kakanni suka yi ta jigila a mangala bisa jaki. Gado yana ta rarraba ta, har ta kai wani gidan abin da ya rage masa bai fi ya ciyar da su rabin shekara ba. Uban da ya jinginar da irin wannan gona ko ya sayar da shanun huɗa don a sayo wa ɗansa "ofa", cinikin biri a sama ya yi. In takardar ta bogi ce, ba aiki ba gona. In ma ta gaske ce, yaron ya shiga aiki da bashi a wuya, kuma kowa ya san yadda irin wannan ma'aikaci yake fanshe kuɗinsa. Duk wanda aka nemi kuɗi a hannunsa, akwai hukumar ICPC, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano.

Ga 'yan'uwanmu mata muna da ƙarin magana. Bin sawun aiki a ofis ake yinsa, da rana, a rubuce. Duk jami'in da ya ce a same shi a gida ko a masauki ko bayan an tashi daga aiki don "a duba maganar", ba maganar aiki yake nufi ba. A ajiye saƙonninsa, kada a goge, a kuma sanar da wani babba a gida.

Sau nawa za a tuntuɓa kafin a haƙura? Mu dai a ganinmu sau biyu ya isa, da tazarar mako biyu ko uku a tsakani. Bayan wannan a bar fayil ya yi tafiyarsa, a ci gaba da neman wani wurin. Ruwan sama ba ya jiran sakamakon intabiyu. Wanda ya ƙi yin shuka a watan Yuni don yana sa ran za a kira shi a Yuli, in kiran bai zo ba, ran girbin gero sai ya zama ɗan kallo a gidansu. Masu digiri a kan aikin gona da waɗanda suka fito daga Kwalejin Audu Bako ta Dambatta sun fi kowa sanin cewa noman rani a bakin madatsar Thomas ko ta Watari ba abin kunya ba ne. In takardar ta zo, ba ta ƙin hannun da ya yi kanta.

Sai dai ba za mu ɗora wa mai nema dukan nauyi ba. Ma'aikatar da ta iya aika saƙon waya ta kira mutum ɗari biyu intabiyu, tana iya aika wani saƙon ta gaya wa waɗanda ba a ɗauka ba cewa an gama. Barin mutane cikin duhu shi ne yake buɗe wa dillalai kasuwa. Muna kira ga Hukumar Ma'aikata ta Jiha, da ta ƙananan hukumomi, da hukumar ilmin firamare, su riƙa faɗin ranar fitar da sakamako tun a takardar gayyata, in an ɗaga kuma a sanar. Su kuma riƙa kafe sunayen waɗanda aka ɗauka a sakatariyar kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44, ba a birni kaɗai ba, don mutumin Tsanyawa ya duba a Tsanyawa.